Ranar 1 ga Mayu: Fareti muka gada ko hisabi?

Duk shekara idan bazara ta kai tsakiya, akan cika Dandalin Eagle da ke Abuja da ma'aikata sanye da anko, ƙungiya bayan ƙungiya suna wucewa a gaban manyan baƙi. A karanta jawabai, a yi tafi, a watse kafin azahar. Washegari kuma ma'aikacin da ya yi faretin ya fito tun asuba daga Mararaba ko Suleja, yana lissafin ko kuɗin motarsa zai kai ƙarshen wata. Ina ganin mun riƙe ranar, mun saki dalilinta.

Asalin ranar ba biki ba ne. A ranar 1 ga Mayun 1886 ma'aikata a Amurka suka tsunduma yajin aiki, suna neman a tsayar da aiki a sa'o'i 8 a rana. Kwana uku bayan haka bam ya tashi a wani gangami a dandalin Haymarket da ke Chicago, aka rasa rayukan 'yan sanda da na farar hula. A 1887 aka rataye mutum huɗu daga cikin waɗanda aka gurfanar. Taron ƙungiyoyin gurguzu da na ƙwadago da aka yi a Paris a 1889 shi ne ya ware ranar ga ma'aikatan duniya.

A Najeriya ma ba kyauta aka ba da ita ba. Gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Kano ta ayyana ta ranar hutu a 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1981. A cikin watan Mayun wannan shekarar NLC, ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta kira yajin aikin gama-gari, wanda ya kai ga dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 125. A lokacin naira ta fi dala daraja, wato kuɗin sun kai kimanin dala 200.

Daga nan aka yi ta hawa: Naira 18,000 a 2011, Naira 30,000 a 2019, sai Naira 70,000 a 2024. A takarda ci gaba ne. A kasuwa kuwa, ranar da aka sa wa dokar 2024 hannu, Naira 70,000 ba ta kai dala 50 ba. Kuma ba a kai ga adadin ba sai da aka shafe fiye da shekara bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, sai da yajin aikin watan Yunin 2024 ya kashe wutar lantarkin ƙasar.

Wannan shi ne ciwon. Farashi yana tashi kullum, albashi kuwa sai an yi rigima. Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, ma'ana 2027, shekarar zaɓe. Wanda ya san siyasarmu ya san abin da hakan ke haifarwa: alkawari a kan dandamali, jan ƙafa bayan rantsuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka nake ganin ya kamata a sauya wa ranar aiki. Na farko, kowace 1 ga Mayu a fito da bayani a fili: jihohi nawa ke biyan abin da doka ta ce, bashin albashi da na fansho nawa ke kan gwamnati. Na biyu, a ɗaure mafi ƙarancin albashi da alƙaluman hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa, a riƙa gyara shi duk shekara ba tare da an rufe sakatariya ba.

Za a ce wasu jihohi ba za su iya ba, kuma ƙarin albashi na iya ƙara tsadar kaya. Maganar tana da nauyi. Sai dai kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai bayan janye tallafin. Sannan gyara kaɗan-kaɗan duk shekara ya fi sauƙi ga baitulmali da kasuwa a kan ninka albashi dare ɗaya.

Mu ma akwai namu hisabin. Ma'aikacin da ke danne fayil ɗin ɗan fansho sai an ba shi na goro, shi ma tsohon ma'aikacin gobe ne. Ba za mu nemi adalci a sama muna hana shi a teburinmu ba.

Ku kuma hadimai da ke rubuta wa ministoci da gwamnoni jawabin wannan rana, alƙalamin yana hannunku. Ku rage kirarin da ake yi wa ma'aikata. Ku sa adadi, ku sa rana, yadda baɗi za a ɗauko takardar a tambayi mai jawabin ina aka kwana.