Ba Kowa Ne Zai Iya Riƙe Kyanwa Mai Tsoro Ba

Lokacin hutu na yi aikin sa-kai a wani gidan kula da dabbobin da aka tsinto a Legas. Akwai wata kyanwa da ke maƙalewa a lungu, kunnuwa a kwance, sai dare take cin abinci. Wata mata mai ƙananan yara ta nemi a ba ta ita, aka hana. Da farko na ji haushi, amma yanzu na ga an yi daidai. Irin wannan kyanwa sai wanda ya daɗe yana kiwo, mai ɗaki shiru da kwalin ɓuya, wanda ba zai kama ta da ƙarfi ba. In tsoro ya hana ta ci kwana da kwanaki, hantarta kan kamu da ciwo. Tausayi kaɗai bai isa ba, sai da sani da haƙuri.