Farin garin da babu suna a jikinsa

Duk macen da ke haɗa zoɓo, lemun tsamiya ko na citta don saidawa ta san teburin da muke nufi. Ƙulle-ƙullen leda ne jere, na dala biyar, na dala goma, kusan dukansu fari fat, babu ko ɗaya mai rubutu. Wannan ɗan tsami ne, wancan mai zaƙi, wancan na ƙamshi. Shaidar kawai bakin mai tebur, shi ma kuwa abin da aka gaya masa yake maimaitawa.

Ba mu ga laifin ƴan uwanmu mata da suka koma ga waɗannan ƙulle-ƙulle ba. Sikari ya yi tsada, ƙanƙara ta yi tsada, yaro kuma kuɗin da ya saba miƙawa a ƙofar lakwal su zai miƙo. Sakarin ya fi sikari zaƙi kamar sau 300, don haka cokalin shayi ɗaya ya isa bokiti guda. Ɗan tsami na gaskiya kuwa tsamin nan ne da ke cikin lemun tsami, kamfanonin lemu ma da shi suke aiki. Abin tambaya a nan shi ne: wa ya tabbatar mana cewa shi ne a cikin ledar?

Mu tuna Kano. A watan Maris na 2021, mutane suka riƙa cika asibitoci da amai da fitsarin jini bayan sun sha lemun da aka haɗa da gari. Hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna a Najeriya, ta gano cewa abin da aka saida da sunan ɗan tsami wani sinadari ne mai guba, haidiroksilamin. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta jinya. Kano ba nesa ba ce. Kayanta na shigowa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, suna shiga Damagaram ta Magarya da Matamai, daga nan har Tawa da Yamai. Buhu guda idan aka fasa shi ƙulli-ƙulli, sai ya zaga kasuwa goma.

Akwai ɗan gwajin da mace za ta iya yi a gida. Sikari idan aka ɗora shi a cokali bisa wuta narkewa yake, ya yi ja, ya yi ƙamshin alawa; gishiri ba ya narkewa. Bikarbonat kumfa yake in an ɗiga masa lemun tsami. Sakarin na barin ɗaci-ɗaci a maƙogwaro bayan zaƙin. To amma nan gwajin ya tsaya. Tsami dai tsami ne a harshe, kuma ba kowane tsami ake sha ba. Masu cewa "ai na lasa na ji", da ma lasar ce ba mu so.

Shi ya sa maganarmu ta fi zuwa ga ƴan kasuwa. Alhaji, buhun da ka fasa yana da suna, da ƙasar da aka yi shi, da ranar da zai lalace. Me zai hana ka aje shi kusa da tebur, mai saye ta gani ko ɗanta ɗan lakwal ya karanta mata? Idan babban dillali ya kawo maka buhun da aka kankare rubutunsa, ko ya ce arha ne don ya kusa lalacewa, ka mayar masa. Jami'an duwan da na kiwon lafiya su ma su riƙa leƙa cikin buhunan, ba takardar kaya kaɗai ba.

Ke kuma Hajiya, in aka samu matsala ba mai tebur za a nema ba, ƙofar gidanki za a zo, don robarki aka gani a hannun yaro. Ki tsaya ga mutum ɗaya da kika sani, ki ce a nuna miki buhu. In ya ce buhun ya ɓace, ki bar masa ƙullinsa, masu tsamiya da lemun tsami suna nan a layin gaba.