Wanda Ke Hannun 'Yan Sanda Amana Ne

Akwai wata kalmar Turanci da ba ta barin bakin 'yan sanda da lauyoyi, watau "custody". Ɗan Arewa mazaunin Agege ko Sabo ta Ibadan, in ya je caji ofis neman ɗan'uwansa aka faɗa masa ita, sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka an ɗaure shi ke nan. To, ba haka ba ne.

Asalin kalmar daga Latin ne, "custos", watau mai tsaro. Ma'anarta riƙon abu da kula da shi. Shi ya sa kotu ke amfani da ita wajen riƙon yara bayan mutuwar aure. Ashe wanda aka tsare amana ne a hannun hukuma, ba mai laifi ba ne sai alƙali ya faɗa.

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. In akwai kotu cikin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana 1, sai fa in laifin na hukuncin kisa ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama wani a madadin wani.

Ya kamata Sarakunan Hausawa na Kudu su riƙa karantar da jama'arsu wannan, don rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya kyauta.