Balangu a Takardar Siminti

Daga Konni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, abincin ranar ɗan kasuwa kusan ɗaya ne: a aiki yaro wajen mai tukuba ya ƙunso balangu ko tsire, a ci a rumfa ana ciniki. Ba mu ƙi ba. Nama mai ƙamshin hayaƙi da yajin ƙuli, wa zai raina shi?

Amma jama'a, a cikin me ake ƙunso mana shi? Takardar buhun siminti! A karkaɗe ta sau ɗaya, a zuba nama da zafinsa, maiƙo ya jiƙa ta ya kwashe sauran ƙurar. Simintin nan da ke tsattsaga hannun magina, shi muke haɗiyewa da albasa. Mu da ke ɗaga takardar jikka goma sama don gudun jabu, ba ma duba wadda abincinmu ke ciki.

Muna kira ga sarakunan fawa su tsawatar wa yaransu. Kafin nan, duk mai aiken nama ya haɗa yaron da kwano mai murfi.