RA'AYINMU: A Dubi Fage Kafin A Saki Linzami

Cikin gardandamin da ɗalibai kan tafka a ɗakunan kwana da teburan masu shayi, akwai wata sabuwa wadda magabatanmu ba su san da ita ba. Gardamar kuwa ita ce: wane fage ne ya fi dacewa da tseren motoci na miƙaƙƙen layi a cikin wasannin bidiyo, musamman idan ta intanet za a kara? Wani zai ce wannan ai zancen yara ne, bai kai a ɓata masa tawada a shafin farko ba. Mu kuwa ba mu ga haka ba. Dalilinmu shi ne, saurayin da ke riƙe da waya yana tsere da dare, shi ne dai zai hau babur da safe ya nufi Dawanau ko Dawakin Tofa, kuma abin da ya koya game da zaɓen fage a cikin waya shi zai bi shi har kan kwalta.

Bari mu fara bayyana wasan domin wanda bai san shi ba. Motoci biyu ake jerawa kafaɗa da kafaɗa, a kunna musu fitila, su zabura a miƙe, babu kwana babu zagaye, wadda ta riga tsallake layi ita ta ci. Tsawon fagen da aka saba da shi tun asali rubu'in mil ne, watau mita 402. Kamfanonin wasa sun daɗe da gane cewa irin wannan tsere yana jan hankalin samari. A 2003 aka fito da Need for Speed Underground, wanda ya shahara a gidajen gem, inda ake tseren a titunan birni da dare ana kauce wa motocin jama'a. A 2012 CSR Racing ya shigo da shi cikin wayar hannu, ba tare da mai wasa ya taɓa sitiyari ba, aikinsa kawai ya iya tashi, ya kuma sa giya a kan kari. Masu manyan na'urori kuwa suna da irin su Forza Horizon 5 na 2021, da kuma Gran Turismo, wanda a cikinsa akwai wani fage mai suna Special Stage Route X da zagayensa ya kai kimanin kilomita 30.

To, a ganinmu sharuɗɗa huɗu ne ke sa fage ya amsa sunansa, ko da wane wasa ake yi. Na farko, a san tsawonsa, a kuma yarda da shi tun kafin kowa ya zaɓi mota. Gajeren fage yana taimakon motar da tayoyinta ke kama ƙasa da sauri, musamman wadda injinta ke juya ƙafafunta duka huɗu. Dogon fage kuwa, kamar na rabin mil ko mil guda, na mai ƙarfin inji ne, wadda sai ta miƙe sosai take nuna halinta. Saboda haka wanda aka bar wa zaɓen fage bayan ya ga motar abokin karawarsa ya riga ya ci rabin tsere tun ba a tashi ba. Na biyu, fagen ya zama shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, babu gangara, babu motocin hanya da na'ura ke jefowa, domin in akwai su, sa'a ce za ta raba gardama, gwaninta ta koma gefe. Na uku, fitilar na'ura ce za ta ba da izinin tashi, domin ƙidayar baki ko busa ham kullum rigima suke haifarwa.

Sharaɗi na huɗu shi ya fi shafarmu mu mutanen nan, watau jinkirin saƙo. A wasannin da motoci ke gudu tare kai tsaye, duk abin da ka latsa sai ya yi tafiya zuwa wata na'ura mai nisa, sa'an nan amsa ta dawo. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a sakan guda. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, wayar MainOne kuwa da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010 daga Legas zuwa Fotugal ta kai kimanin kilomita 7,000. In an haɗa zuwa da dawowa, ɗalibin da ke karawa da wani a Turai ya yi asarar kusan kashi 8 cikin 100 na sakan, tun kafin a sa raunin sabis da ɗaukewar wuta a lissafi. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin fiye da mita 4 a wannan ɗan taƙi, watau kusan tsawon mota guda. Ashe ke nan fagen da ya fi adalci ga ɗalibinmu shi ne wanda abokin karawarsa ke kusa, a gari ɗaya, in da hali ma a ɗaki ɗaya.

Akwai kuma sharaɗi na biyar, wanda wasan bidiyo ba ya koyarwa domin ba ya bukatarsa, shi ne wurin tsayawa. A cikin waya, in ka tsallake layi tsere ya ƙare, in ka yi karo sai ka latsa a sake. Waɗanda suka ƙago wannan tsere a zahiri da jini suka koyi darasin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarin Kalifoniya ta ƙasar Amurka sun addabi jama'a da tsere a kan tituna, har a 1950 aka buɗe musu fage a wani filin jirgin sama a Santa Ana. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, babban nufinta kuwa a ɗauke tseren daga hanyar jama'a a kai shi killataccen wuri mai dokoki. A Ingila ma haka aka yi, aka mai da wani tsohon sansanin jiragen yaƙi fagen Santa Pod a 1966. Duk da wannan tanadi, a 2008 wani shahararren direba, Scott Kalitta, ya rasu a fagen Englishtown, abin da ya sa ƙungiyar ta rage wa motoci mafiya gudu tsawon tsere zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305, domin wurin tsayawa ya ƙaru. Motocin nan suna wuce kilomita 500 a awa, da lema ake tsai da su, ga kuma rairayi an tara a ƙarshen fage saboda wadda ta ƙwace. Idan ƙwararru masu wannan shiri suka yarda su gajarta tserensu domin tsira da rai, ina ga yaro a kan babur ɗin aro?

Ba sai mun je Amurka ba ma kafin mu sami wannan hikima. Sunan Dawakin Tofa kansa yana ɗauke da dawaki, kuma an daɗe da sanin garin da gidan Madakin Kano, wanda asalin sarautarsa shugabancin mahayan dawakin yaƙi ne. Duk wanda ya taɓa kallon jahi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga tseren miƙaƙƙen layi irin namu. Mahaya su jeru sahu guda, su sako dawaki a guje, amma kafin nan dogarai sun share fili, an kau da jama'a gefe, kowa ya san inda za a taso da inda za a tsaya. Abin da ake yabon barde da shi kuwa shi ne yadda yake ja wa doki linzami ya tsaya cak a gaban Sarki. Kowane wawa yana iya sakin doki, gwani ne kaɗai ke tsai da shi inda ya nufa. Wannan hawa na Kano shi ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024, alhali mu 'ya'yan gida muna neman mu manta da ƙa'idarsa ta farko.

Yanzu sai mu dubi ƙasar da samarinmu ke komawa in an yi hutu. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoma ke noma gona guda kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba, da taimakon takin da jakai ke jigilarsa. Ma'anar wannan ita ce babu jeji a nan. Daga wannan ƙauye kana hango wancan, gona tana jingine da gona, kowace turba kuma tana da mai bin ta: yara 'yan makaranta, mata masu zuwa unguwa, tsofaffi a kan keke, amalanken shanu, garken tumaki. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina kuwa, wadda miƙewarta ke ruɗin mai ƙuruciya, ita ce ta ratsa Dawanau, inda ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma take, tireloli na shiga da fita da gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo. A auna wannan hanya da sharuɗɗan da muka lissafa. Ba a killace take ba, babu mai ba da izinin tashi, babu wurin tsayawa. In da a cikin wasa aka kawo wa ɗalibi irin wannan fage, da shi da kansa zai ce bai yarda ba.

Lissafin ma ba mai wuya ba ne ga ɗan jami'a. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan sakan guda ya ɗauka tsakanin ganin yaro da taka birki, ya riga ya shafe mita 28 bai rage komai ba. Bugu da ƙari, in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata ninkawa take sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a wuraren da jama'a ke zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Watau mu ne, da ƙannenmu. Wasan babur da na mota da akan yi a bukukuwan aure, ana tayar da ƙura ana juyi a tsakiyar mutane, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano, kuma sau da yawa wanda ke biyan kuɗinsa ɗan kallo ne da bai ci nanin ba.

Akwai masu cewa maganin abin a rufe gidajen gem, a ƙwace wayoyi. Ba mu tare da su. Wasan bidiyo bai taɓa karya ƙafar kowa ba, hasali ma shi ne wuri guda da saurayi zai ƙure gudu ya kwana lafiya. Har akwai waɗanda ya zame wa sana'a: Jann Mardenborough na Birtaniya ya ci gasar GT Academy a 2011 daga wasan Gran Turismo, ya zama direban tsere na sosai, amma sai da aka horar da shi a fage na gaskiya, ƙarƙashin malamai. Akwai kuma masu cewa a kama, a ci tara, shi ke nan. Kamu yana da amfaninsa, sai dai son gasa jini ne a jikin saurayi, in an toshe masa nan zai ɓulle can. Abin da ya yi aiki a wurin Amurkawa, ya kuma yi aiki a wurin kakanninmu, shi ne a ba gasa fage, a kafa mata doka.

Saboda haka muna kira ga ɓangarori uku. Ga Ƙungiyar Ɗalibai, ta shirya gasar tseren bidiyo a kowane zangon karatu, a zaure guda, da na'ura iri ɗaya, da motoci masu daraja ɗaya, a sanar da fage tun da wuri, kuma kada a bari caca ta shigo ciki. A gayyaci jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, su yi wa mahalarta bayani kafin a raba kyaututtuka. Ga Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa da iyayenmu hakimai da dagatai, mun san fili yana da tsada a ƙasar da ko taki guda ba a bari ba shuka, ba ma kuma neman a karɓe gonar kowa. Roƙonmu shi ne a zauna da samari masu sha'awar abin, a duba ko akwai wani gajeren yanki da za a riƙa killacewa na 'yan sa'o'i da rani, da izinin hukuma, da hular kwano a kan kowane mahayi, da ma'aikacin lafiya a kusa, da isasshen wurin tsayawa. In aka duba aka ga babu, to a faɗa musu gaskiya cewa babu, tsere ya tsaya a cikin waya.

Kira na uku gare mu ne, 'yan'uwa ɗalibai. Idan muka koma gida hutu, ƙannenmu mu suke kallo, yadda muka hau babur haka za su hau. Ilmin da aka turo mu nema bai yi amfani ba idan mun iya auna jinkirin saƙo tsakanin Kano da Turai, amma muka kasa auna tazarar da ke tsakanin tayarmu da ɗan maƙwabci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda aka ce ya zo a kara, ya fara tambaya: ina za a taso, ina za a ƙare, wa ke kan hanya, kuma ina za a tsaya? In ba a amsa ta ƙarshen ba, ya ajiye makulli ya ɗauki waya. Allah Ya kiyaye mu, Ya mai da kowa gida lafiya.