BA KOWACE ATISHAWA CE MURA BA, A DAINA ƊURA WA MUTANE KAFSO

Jama'ar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, don Allah mu tsaya mu yi wa kanmu faɗa. Duk shekara daga Agusta zuwa Satumba, da gero ya yi bununi, masara da dawa suka fitar da fure, sai ka ga rabin unguwa na atishawa. Kafin a farfaɗo an shiga sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi ya cika iska. Daga Nuwamba kuma hunturu ya kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya juye mana har Fabrairu. Duk wannan suna ɗaya muka ba shi: mura. Magani ma ɗaya: a ruga kemis a ce a haɗa.

To ba mura ba ce. Mura ƙwayar cuta ke kawo ta, takan zo da ciwon jiki ko ɗan zazzaɓi, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 ta wuce. Amma wanda ke jera atishawa bakwai da sassafe, majina na zuba kamar ruwa, ido da hanci da maƙogwaro na ƙaiƙayi, babu zazzaɓi, ya yi wata biyu a haka, kuma baɗi war haka ta dawo, wannan alaji ke gare shi. Jikinsa ne ke ɗaukar garin fure ko ƙura a matsayin abokin gaba, ya tayar da bori. Babu ƙwayar cutar da za a kashe. To Ampiclox ɗin da ake ba shi, wa zai kashe? Kuɗinsa dai, sannan ranar da ciwon gaske ya zo kafson ya ƙi ci, don ƙwayoyin cuta sun riga sun saba da shi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne deksa da ake cusawa cikin haɗin. E, yana kwantar da abin nan take, shi ya sa ake cewa mai kemis kaza hannunsa da kyau. Amma fa shi ne dai wanda ake sha don ƙiba, wai sha-ka-fashe. A juri shansa a ga kumburin fuska, hawan jini da ciwon suga. Na ɗigawa a ido da ake sa wa yaran da idonsu ya rine don sosawa, ba tare da likita ya duba ba, yana iya jawo hawan jinin ido har gani ya tafi. Haba!

Wani zai ce, "Malam, ku ma'aikata kuna da kuɗin ganin likita." Ai abin da ya dace ɗin ya fi haɗin araha. Cetirizine ko Loratadine, ƙwaya ɗaya a rana ga babba. Piriton ma na yi, sai dai yana sa barci, ɗan acaɓa ko direban da zai kama hanyar Funtuwa ya kiyaye. Takunkumin da muka jefar bayan korona a ɗauko shi ranar sussuka. A yayyafa ruwa kafin shara, a cire kayan gona a waje, a wanke fuska, a kuskure hanci da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce.

Sai masu asma, su ne abin ke iya kashewa. Har yanzu ana hana yara abin shaƙa, wai in an fara ba a dainawa. Wallahi ba haka ba ne. Mu da muka san halin hanyoyinmu, wa ke iya fitowa daga ƙauye ƙarfe biyun dare da yaro numfashi na sarƙewa, ya nufi asibitin Ƙanƙara ko Funtuwa? Duk mai irin wannan yaro ya kai shi a duba shi da rana tsaka tun kafin iskar ta juyo, a rubuta masa abin shaƙar, a koya wa uwarsa yadda ake amfani da shi, kuma ya kwana a ɗakinta, ba cikin akwatin maigida da ya tafi cin kasuwar Ɗandume da makulli a aljihu ba.