Ba Kowace Ƙiriniya Ce Ke Bukatar Bulala Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a ajin firamare ya san irin yaron nan da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ana tsakiyar darasi sai ya miƙe ya nufi taga, ko ya dinga kaɗa hannuwa, a kira sunansa sau uku bai waiwayo ba. Abin da muka saba shi ne mu ce ya cika ƙiriniya, ko kuwa gida ba a ba shi tarbiyya ba, daga nan sai a ɗauko bulala. A ra'ayina, irin wannan hukunci yakan zama zalunci, musamman a kan yaron da ke da larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ne ya bayyana wannan larura a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Manyan alamominta su ne wahalar cuɗanya da mutane, da maimaita abu ɗaya, da ƙin a sauya wa yaro abin da ya saba. Akwai kuma wata larura daban, wato ta ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda ake taƙaita sunanta da ADHD. Mai ita ba ya iya tsayar da hankalinsa, ba ya jiran layi, kuma yakan aikata abu kafin ya yi tunani. Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 1994 bai yarda a ce yaro ɗaya yana da larurorin biyu ba. Sai a bugun 2013 aka janye wannan sharaɗi, domin bincike ya yi ta nuna cewa aƙalla yaro 1 cikin 3 masu galahanga yana da alamomin ɗayar larurar. To, idan har likitoci sun ɗauki tsawon wannan lokaci kafin su daidaita a kan batun, ina dalilin malami na yanke hukunci a makon farko?

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Mu ɗauki yara uku da malami ya lura ba sa sauraren darasi. Na farko hankalinsa na tsalle ne daga wannan abu zuwa wancan, ko faɗuwar biro ta isa ta ɗauke shi. Na biyu kuwa hankalinsa ya kafe ne a kan fankar da ke juyawa, har ya kasa cire shi ya mayar kan allo. Na uku ƙarar ruwan sama a kan kwano, ko hayaniyar ajin maƙwabta, ita ce ta cika masa kunne, shi ya sa ya tashi yana neman mafaka. A ido dukansu ɗaya ne, amma tushen matsalar kowane daban. Yaron da ya haɗa larurorin biyu yana iya shiga duk waɗannan halaye a rana ɗaya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da duka ke warkarwa. Hasali ma, tsoro ƙara dagula masa lissafi yake yi.

Wani zai ce, malamin da ke fama da aji cike maƙil ina ya ga sararin wannan nazari, alhali shi ba likita ba ne? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba a ce malami ya gano cuta ko ya rubuta magani ba. Maganin ma ba shi ne ƙarshen zance ba. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cewa kusan rabin yara masu galahanga ne kawai suka amfana da maganin da aka fi bayarwa don rage yawan motsi, wasu kuma dole aka dakatar da shi saboda illolinsa. Ke nan kaso mai tsoka na aikin yana cikin aji, kuma ba ya bukatar kuɗi. A zaunar da yaron gaba, nesa da taga da ƙofa. A ba shi umurni ɗaya gajere, sai ya gama a ƙara wani. A sanar da shi kafin a sauya darasi. Idan zama ya ishe shi, a aike shi ya goge allo ko ya raba littattafai, a kuma yaba masa nan take idan ya yi daidai. Bugu da ƙari, malami ya riƙa rubuta lokacin da abin ke tasowa da abin da ya gabace shi, domin wannan rubutu zai taimaki iyaye da likita ƙwarai.

Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Nijeriya a 2019, ta tabbatar wa irin waɗannan yara haƙƙin neman ilimi. Amma doka ba ta shiga aji, malami ne ke shiga. Saboda haka, duk ranar da ɗalibi mai koyon malanta ya ga yaro ya miƙe ana tsakiyar darasi, kafin ya ɗaga murya, ya fara tambayar kansa: me ya tayar da shi?